Ranar da Muka Tayar da Tsohuwar Fijo a Bolori



Duk wanda ya yi wayo a Maiduguri kafin shekarar 2000 ba sai an kwatanta masa Fijo 504 ba. Ita ce motar gwamnati, ita ce tasi, ita ke kai amarya, ita ce kuma ke ɗauko kifi daga Baga. A Faransa aka fara ƙera ta a 1968. A 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka buɗe kamfanin haɗa Fijo a Kakuri da ke Kaduna, kuma a wannan shekarar ce 504 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, wanda ake yi cikin taɓo da ƙura da ramuka irin na hanyoyinmu. Faransawa sun daina ƙera salun ɗinta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har wajen 2006. Yau in ka ci karo da ita a titi, yawanci a-kori-kura ce ta sha lodi tana tafiya a karkace.

Na ga ya dace in ba ku labarin tamu, domin na san a gidaje da yawa akwai wani inji da ke jibge tun bayan ambaliya, mota ko janareta ko injin niƙa ko na ban-ruwa, ana ta shawara ko a gyara ko a kira 'yan gwangwan.

Tamu a-kori-kura ce fara. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya saye ta na-hannu a ƙarshen shekarun 1980, kuma da ita ya riƙe gida. Daga Tashar Baga zai kama hanya, ya wuce Gajiganna da Gajiram da Monguno da Kuros Kauwa har Doron Baga, tafiyar kusan kilomita 200. Ya tafi da gishiri da sabulu da buhunan gari, ya dawo da kwalayen banda. Kuɗin makarantarmu da kayan ɗakin 'yan uwanmu mata duk a bayan motar nan suka fito. Da rashin tsaro ya ɓata hanya, a 2014 ya ajiye ta a gidan kawunmu a Gwange, saboda gidanmu na Bolori ba shi da fili. Ya ce in hanya ta buɗe zai koma. A Janairun 2015 aka auka wa Baga, shi kuma Allah Ya karɓi abinSa kafin al'amura su daidaita.

Shekara goma tana kan duwatsu, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Sai ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle. Ba sai na tuna muku abin da ya faru ba, kuma kun san Gwange na cikin unguwannin da suka fi jin jiki. Kawu da iyalinsa da kayan jikinsu kawai suka fito. Da ruwa ya janye muka je duba gidan, muka tarar da shaidar ruwa a bango ta wuce tsayin motar, laka ta cika ta har cikin dashbod.

A nan maganar gado ta taso. Yayanmu babba ya ce a sayar. 'Yan gwangwan sun zo sun taya, kuɗin bai kai na ragon layya biyu ba, amma ya ce gara a raba wannan ɗin kowa ya san nasa. Ya ce akwai haƙƙin mata a ciki, ba a yi wasa da shi. Ya ƙara da cewa tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 fetur ya zama abin da ya zama, Fijo kuwa ba ta san tsimi ba. Babu ƙarya a maganarsa ko ɗaya.

A ɗaya ɓangaren kuma ga ƙaninmu. Teburinsa na cikin waɗanda gobarar Kasuwar Monday ta cinye ranar 26 ga Fabrairu 2023. Tun daga nan Keke Napep na wani yake ja, kullum sai ya haɗa balas kafin ya fara neman na cefane, ga mata ga 'ya'ya uku. In motar ta tashi, ya samu abin hannunsa.

Bayan an kai an komo aka tsaya a kan haka: ni zan zuba kuɗin adashina a gyara. In ta tashi kafin azumi, ƙaninmu ya karɓe ta ya riƙa biyan magada kasonsu a hankali. In ta ƙi, a sayar wa 'yan gwangwan a raba, kuɗina kuma ya bi ruwa. Hajiyarmu ba ta ce a gyara ko a sayar ba. Cewa ta yi, "Ku dai yi abin da ba zai raba kanku ba."

Janwe ya jawo ta zuwa wani gareji a bayan titin Baga, ƙarƙashin darbejiya. Mai garejin dattijo ne da ya haura saba'in, abokin mahaifinmu, kuma shi ke duba motar tun ranar da ta shigo gidanmu. Baba muke ce masa. Ya zagaya ta sau biyu bai ce komai ba, sannan ya dube ni.

"Ɗana, tun da ruwa ya janye, akwai wanda ya sa mata batir ya murɗa makulli?"

Na ce, "Babu, Baba."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. To da sauran magana."

Ya bayyana mini cewa aikin fistin shi ne matse iska da tururin fetur a cikin silinda. Iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa. In akwai ruwa a silinda aka yi kik, ƙarfin ba shi da wurin zuwa, sai sandar fistin ta lanƙwashe, wani lokaci ma ta fasa bulok. Ya ce injina da yawa da aka kawo masa bayan ambaliya ba ruwan ne ya kashe su ba, masu su ne da suka ce bari mu gwada ko za ta tashi.

Injin tamu mai silinda huɗu ne, kusan lita 2, kwance yake a karkace cikin bonet kamar yadda duk mai Fijo ya sani. Abin da ya sa irinsa ke gyaruwa shi ne ba a jikin bulok aka huda silindodin ba. Kowace silinda bututu ce mai zaman kanta, kanikawa na ce mata silif, ruwan lagireto na kewaye ta kai tsaye. In ta cinye, a zare a sa wata. Amma a nan haɗarin yake. Dole kowace silif ta zauna daram a gindinta, bakinta kuma ya ɗara saman bulok da abin da bai fi kaurin takarda ba, don gaskit ya danne ta sosai. In aka kuskure, ruwa ya haɗu da baƙin mai, ka zaro geji ka ga abu kamar kunun gyaɗa. Wuni guda Baba ya yi a kan wannan awon kaɗai.

Fistin biyu tsatsa ta riƙe su gam. Sai da aka jiƙa su da man gas mako guda, ana bugawa a hankali da guntun katako, kafin suka saki. An kai karanshaf wurin masu gurzar ƙarfe, aka sa sababbin metal daidai da sabon awonsa. An wanke kowace kafar da baƙin mai ke bi, aka hura mata iska, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ɓata metal. Wasu kayan a nan gari muka samu, silif da fistin da ring kuwa sai da aka aika Ƙofar Ruwa a Kano. Aikin ya ci wata uku da ɗoriya, rabi saboda yanayin aikin, rabi saboda kuɗin a gutsure suke zuwa.

Ranar tayarwa ta faɗo wata Asabar cikin Fabrairun 2025, saura kwanaki kaɗan azumi, gari ya yi hazo. Ni da ƙanina muka iso bayan asuba muna zaton da zuwa za a murɗa makulli. Ba a murɗa ba sai dab da azahar.

Tun daren jiya Baba ya cika lagireto da ruwa ya bar shi ya kwana. Da safe abin da ya fara yi shi ne zaro gejin baƙin mai ya duba ko ruwa ya sauka, ya leƙa ƙasan motar ko akwai ɗigo. Sannan ya sa sufana ya juya injin da hannu zagaye biyu yana saurare. Ya kwance fulogai huɗun, ya ɗiga mai kaɗan a kowace silinda, ya ce wa ƙanina ya yi kik a haka, ba wuta ba fetur, idonsa a kan jar fitilar mai da ke dashbod. Ya ce sabon metal a bushe yake, in inji ya tashi kafin mai ya iso gare shi, a minti ɗaya za a ɓata aikin wata uku. Injin na ta juyawa, fitila na nan ja. Aka huta, aka sake. Wallahi a lokacin ba komai nake gani ba sai kuɗin adashina. A karo na uku ta yi ƙyaf-ƙyaf ta mutu. Baba ya gyaɗa kai.

Daga nan sai saitin wuta. Ya toshe ramin fulogi na ɗaya da babban yatsa, yaronsa na juya inji a hankali, har iska ta tura yatsan, sannan ya daidaita distirbuta, wato mai rarraba wuta ga fulogai, ya jera wayoyi 1, 3, 4, 2. Bai yarda a ja fetur daga tanki ba, domin tankin ya sha laka. Galan aka rataya aka sa tiyo. Aka sa giya a firi, aka tare tayoyi da duwatsu. Ya sa aka kawo bokitin yashi da jiƙaƙƙen buhu saboda wuta. Kowa ya ba shi aikinsa: ƙanina a makulli, yaro ɗaya a totur, ɗaya a kwance yana kallon ƙasan inji. Ni, da na zuba kuɗin, bokitin yashi aka ba ni.

Baba ya ce, "Bismillah. Ba ta."

Kik ya juya, ya juya, shiru. Aka sake, shiru. A na uku ya ɗaga hannu ya ce a tsaya. Ya ce yawan kik na kashe batir, kuma ɗanyen fetur na wanke man da ke jikin sababbin ring.

Kafin nan mutane sun taru. Mai shayi ya baro teburinsa, masu Keke biyu sun faka, ga almajirai ga yaran unguwa. Kowa ya zama bakanike. Wannan ya ce a tura ta, wancan ya ce a tuttula fetur a kabureta, wani ya ce motar da ta kwana a ruwan Alau ai sai dai a yi mata addu'a. Ƙanina ya kifa kai a sitiyari. Baba ko kallonsu bai yi ba. Yaransa ya juya ya tambaya, kamar suna aji.

"Me inji yake nema?"

Suka ce, "Mai, da wuta, da matsi, kowanne a lokacinsa."

"To ku bi su ɗaya bayan ɗaya."

Mai na zuwa, ga ƙamshinsa a kabureta. Matsi akwai, yatsa ya shaida. Aka zare wayar koyil aka kusantar da ita jikin bulok aka yi kik. Tartsatsin da ya fito ɗan mitsitsi ne, ja-ja, kamar ashanar da ta sha sanyi. Baba ya buɗe distirbuta ya duba kontak, ya ciro kondensa. Sabuwa ce fil, cikin kwalinta aka kawo ta, da tambari da komai. Ya jujjuya ta a tafin hannu ya ce, "Jabu ce." Ya shiga rumfarsa ya fito da tsohon gwangwanin madara cike da ƙananan ƙarafa, ya tona ya zaro wata kondensa da ta yi baƙi, ya ce daga wata Fijo da ta yi haɗari ya cire ta, tun waɗannan yaran ba a haife su ba. Da aka ɗaura aka gwada, tartsatsi ya fito shuɗi, har ana jin ƙararsa, tas, tas. Mai shayi ya ce, "Da tsohuwar zuma ake magani."

"Bismillah. Sake ba ta."

Ta yi tari sau ɗaya. Ta yi na biyu, duk jikin motar ya girgiza. A na uku ta kama. Hayaƙi ya turnuƙe ƙarƙashin darbejiyar, salansa ta watso busasshiyar laka da ɓawon gyaɗar da ɓeraye suka tara, yara suka watse suna kabbara. Ni ban san lokacin da na ajiye bokitin ba.

Baba dai fuskarsa ba ta sauya ba. Ya ɗaga murya ya ce, "Fitila fa?" Ƙanina ya ce, "Ta mutu, Baba!" Ya hana yaron totur ya sake ta ta koma silo, ya kuma hana shi ya taka ta da ƙarfi. A tsaka-tsaki aka riƙe ta wajen minti ashirin, ana ɗan ɗagawa ana saukewa, don mai ya watsu ko'ina sababbin ƙarafa su saba da juna. Ya ɗauki dogon sukundireba ya ɗora bakinsa a jikin bulok, ya kara ƙotar a kunne, yana matsawa daga silinda zuwa silinda kamar likita a ƙirjin yaro. Ya taɓa tiyon lagireto ya ji zafi ya hau daidai. Yaron da ke kwance ya ce ga ɗigo, aka duba, bakin tiyo ne, aka ƙara ɗaure shi.

Sannan ya ce a kashe. Wuri ya yi tsit. Ya jira kaɗan ya zaro geji ya ɗaga shi sama. Mai garau kamar zuma, babu alamar ruwa. Sai a lokacin ya zauna a kan benci ya goge hannu ya ce, "Ku kira Hajiya."

Na kira ta, na ce ta saurara. Ƙanina ya taɓa makulli sau ɗaya ta tashi, na kara wayar kusa da bonet. Hajiya ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Ita ce. Da na ji wannan kukan daga kan kwana nake ɗora masa ruwan wanka." Ta yi wa mahaifinmu addu'a, ta sa wa Baba albarka, ta kashe wayar. Da la'asar yayanmu ya zo. Ya tsaya ya saurara, ya dafa bonet, ya ce taya biyu na baya a bar masa shi zai saya.

Tashin inji ba shi ne ƙarshen aiki ba. Sai da aka wanke tanki, aka sake birki, mai wayarin ya bi wayoyin da ruwa ya ci. Baba ya kafa wa ƙanina doka: kilomita 1,000 na farko ba lodi mai nauyi, ba gudu, ba barin ta tana ta kuka a tsaye. An juye baƙin mai da wuri, domin na farko yana kwaso ɓurɓushin sababbin ƙarafa. Bayan nan aka koma aka ƙara ɗaure kusoshin tof, aka sake saita bawul. Ƙanina ya so ya fara lodi tun makon farko saboda hidimar azumi, Baba ya ce in ya kuskura kada ya sake kawo masa ita.

Yanzu tana aiki. Tana ɗaukar buhuna daga kasuwar Gamboru da Muna, ranar da babu kuma ta kwashe kayan masu tashi daga gida. Maganar yayanmu ta tabbata, tana shan mai, kuma abin da ke saura bayan an cire na fetur ba mai yawa ba ne. Amma babu balas a kansa, kuma duk wata yana kawo wani abu a rage kason magada, an fara da na mata.

Ga wanda ke da inji a jibge, shawarata ita ce kada ka yi gaggawar tayarwa, kada kuma ka yi gaggawar sayarwa. In ruwa ya taɓa shanye shi, kada a sa batir, kada a ja igiya. A kwance fulogi, a juye mai, a juya da hannu, a kira wanda ya sani ya duba. Ba kowanne ne ke gyaruwa ba. In bulok ya tsage, ko kuɗin gyara ya fi abin da injin zai kawo, sayarwa ta fi, kuma bakanike mai tsoron Allah zai gaya maka gaskiya. Amma a bari a buɗe a gani kafin a ɗora a sikeli.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne yara biyu kacal Baba ke da su a garejin nan. Ya ce samarin yanzu gyaran motar kwamfuta suke so, kuma bai ga laifinsu ba, can kasuwa ta koma. Sai dai janareta da injin ban-ruwa da Keken da muke hawa kullum duk a kan abu ukun nan suke tafiya, mai da wuta da matsi. Dattawan da ke gane ciwon inji da kunne suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da suka sani ba a rubuce yake ba. Wanda ke da yaro mai son taɓa ƙarfe ya kai shi wurinsu, ko da lokacin hutun makaranta ne. In kuma sun yi mana aiki, mu biya su haƙƙinsu ba tare da ja-in-ja ba, domin wunin da Baba ya yi yana awon silif ba ya cikin lissafin da ya ba ni.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri, Ya kiyaye mu daga sake ganin irin wannan ruwa, Ya buɗe mana hanyoyinmu lafiya. Amin.